Ƙwan filasha da filashar lantarki: wuta mai ci da wuta mai walƙawa

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar kyamarar fim, irin ta shekarun 1950 ko 1960, wataƙila ya lura da wani ɗan maɓalli a gefen gilashinta, da haruffa biyu kusa da shi: M da X. A wasu kyamarorin kuma ramuka biyu ne na jona waya, ɗaya an rubuta masa X, ɗaya FP. Da yawa daga cikin waɗanda suka koma ɗaukar hoto da fim a 'yan shekarun nan sukan bar maɓallin yadda suka same shi, su jona filasha, su cika fim da hotuna, sai an wanko su ga duhu baƙi ƙirin, alhali da idonsu sun ga filashar tana haskawa a kowane ɗauka. Kyamarar lafiyarta ƙalau, filashar ma haka. Maɓallin ne ke kan M, wato kyamarar tana jiran ƙwan filasha, aka ba ta filashar lantarki.

Wannan ɗan maɓalli shi ne bakin zaren maganar. Akan ɗauka cewa bambancin ƙwan filasha da filashar lantarki bambancin tsoho da sabo ne kawai, wancan a harba sau ɗaya a yar, wannan a yi ta harbawa har batir ya ƙare. Haka ne, amma akwai abin da ya fi wannan zurfi, shi ne yadda kowannensu ke shimfiɗa haskensa a cikin lokaci. Ƙwan filasha wuta ce mai ci, kamar ashana: a ƙyasta, ta kama, ta yi ƙarfi, ta mutu. Filashar lantarki kuwa kafin ka ce me ta zo ta wuce. Saurin da za ka zaɓa wa marufin kyamara, wato abin da ke buɗewa haske ya faɗa kan fim sannan ya rufe, da lissafin haske, da yadda motsi zai fito a hoto, da nauyin kayan da za ka rataya a kafaɗa, duk daga nan suka samo asali.

A fara da ƙwan. Kwalba ce ta gilashi da aka ɗura wa iskar oksijin, aka cusa mata siraran zaren ƙarfe a cukurkuɗe, aka toshe bakinta. A tsakiyarta akwai ɗan zaren wuta da aka shafa wa sinadari mai saurin kamawa. Batir na aiko da wuta, zaren zai yi ja, sinadarin ya watsa tartsatsi, ƙarfen ya kama ya ƙone ƙurmus a cikin kwalbar. An dai kulle gobara ne a cikin gilashi. Kafin a kai ga haka, a fili ake yin gobarar. A 1887 Adolf Miethe da Johannes Gaedicke suka fito da hodar filasha a Jamus, garin maganiziyam gauraye da sinadarin da ke ba shi oksijin, a zuba a ɗan faranti a cinna masa wuta. Da ita ɗan jarida Jacob Riis ya shiga lungunan talakawan New York da dare, ya ɗauko abin da masu hali ba su taɓa gani ba. Amma hoda ce mai cika ɗaki da hayaƙi, mai ƙona hannu da gira, ta kuma sha tayar da gobara. Shi ya sa da ƙwan Vacublitz ya fito kasuwa a Jamus a 1929, bisa ƙirar Johannes Ostermeier, General Electric kuma ya biyo baya a 1930, masu hoton jarida ba su yi wata-wata ba. Ƙwayayen farko girmansu ɗaya da ƙwan lantarkin ɗaki, cike da fallen alminiyam mai laushi. Daga baya aka koma zare, girman ya yi ta raguwa, har aka zo kan AG-1 a 1958, ɗan ƙaramin ƙwai na gilashi zalla mai zaren zakoniyam, wanda bai kai ɗan yatsa tsawo ba.

Ita wuta ba ta kamawa nan take. Ƙwan da aka fi amfani da shi, na ajin M, irin su lamba 5 na General Electric da Press 25 na Sylvania, yana ɗaukar kimanin milisakan 20 daga lokacin da aka aika masa wuta zuwa lokacin da haskensa ya kai ƙololuwa, sannan ya riƙa dushewa. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Ga idon mutum ashirin ba komai ba ne, amma ga marufin da aka sa a 1/200, wanda zai buɗe ya rufe cikin milisakan biyar, lokaci ne mai tsawo ƙwarai. Akwai ajin F mai kai wa ƙololuwa a wajen milisakan 5, akwai ajin S mai nawa, wajen 30, amma ya fi su yawan haske. Don haka dole kyamara ta san wanda take jira. In maɓallin na kan M, tana kunna ƙwan tukuna, ta ɗan dakata, sannan marufin ya gama buɗewa daidai lokacin da wutar ta yi ƙarfi.

Filashar lantarki ba ta ƙona komai. Akwai siririn bututun gilashi mai iskar zenon, akwai kafasita mai tara wuta. Siririyar ƙarar nan da kake ji tana hawa bayan an kunna tsohuwar filasha, na'urar ce ke ɗaga ƙarfin batir daga bolt shida zuwa wajen 300, tana ɗura wa kafasita. Da an danna, wata 'yar taransifoma ta buga wa bututun dubban bolt, iskar ta zama hanyar wuta, duk abin da kafasita ta tara ya kwarara a lokaci guda. A ƙaramar filashar hannu abin yakan ƙare cikin kusan 1/1000 na sakan, in an rage ƙarfinta ya sauko zuwa 1/20,000 ko ƙasa da haka. Babu jinkirin da za a lissafa, don haka a kan X marufi ke fara buɗewa gaba ɗaya, sannan a harba. In ka bar ta a kan M, ta riga ta haska ta mutu tun marufin bai motsa ba. Akasin haka da sauƙi-sauƙi: ƙwan ajin M zai yi aiki a kan X muddin ka sauko zuwa 1/30, domin a wannan saurin marufin na buɗe har wutar ta kama ta yi ƙarfi.

Abin da ba a cika lura da shi ba, su biyun sa'annin juna ne. A 1931, shekara biyu kacal bayan fitowar Vacublitz, Harold Edgerton na cibiyar fasaha ta MIT a Amurka ya riga ya haɗa fitilarsa mai walƙawa a kai a kai, wadda ya ƙera don ya ga injin lantarki yana juyawa kamar a tsaye yake. Daga nan shahararrun hotunansa suka fito, ɗigon madara yana fantsama, harsashi yana keta tuffa. A yaƙin duniya na biyu ya haɗa wa sojojin saman Amurka manyan filashohi na ɗaukar hoton ƙasa daga jirgi da dare. Sai dai kayan nan nauyi gare su. Na farkon da aka iya ratayawa a kafaɗa sai da akwatin batir mai ruwa, ko busasshen batir mai bolt 510. Ƙwai kuwa a aljihun kwat ake zuba shi. Shi ya sa ya mallaki titi shekara talatin da 'yan kai, ita kuwa ta zauna a ɗakin gwaji da situdiyo.

Inda maganar lokaci ta fi rikitarwa shi ne wajen marufi, domin iri biyu ne. Na farko yana cikin gilashin kyamara, 'yan fallayen ƙarfe ne da ke buɗewa daga tsakiya su koma su rufe, irin na Rolleiflex da yawancin gilasan Hasselblad. Wannan ko a wane sauri aka sa shi, akwai lokacin da yake buɗe gaba ɗaya kuma duk faɗin fim na ganin haske, saboda haka filashar lantarki na tafiya da shi har 1/500. Na biyu labule biyu ne a gaban fim, irin na Leica da Nikon da Pentax. A saurin ƙasa, labule na farko zai tafi ya buɗe ramin duka, sannan na biyu ya biyo ya rufe. A saurin sama na biyu ba ya jiran na farko ya isa, yana bin sawunsa a kusa, sai ya zama 'yar tsaga ce kawai ke ratsa fim daga wannan gefe zuwa wancan.

Kana iya gani da idonka. Cire gilashin, buɗe bayan kyamarar ba fim a ciki, jona filashar lantarki, ka fuskanci farin bango kana leƙe ta baya. A 1/60 za ka ga ramin cikakke, fari fat. Ɗaga zuwa 1/125, rabinsa ya yi duhu. A 1/500 ɗan siririn layi kaɗai zai rage. Wannan layin shi ne duk abin da fim zai samu, domin hasken ya zo ya tafi yayin da tsagar ke wuri ɗaya. Shi ya sa kowace kyamara mai labule ke da iyakar saurin da za ta iya da filashar lantarki: 1/50 a Leica M, 1/60 a Nikon F da Pentax K1000, 1/30 a Pentax 67. Sai a shekarun 1980, da aka samu labulen ƙarfe mara nauyi mai tafiya daga sama zuwa ƙasa, Nikon FM2 ta kai 1/200, FE2 ta kai 1/250.

Nan ƙwan filasha ya yi wa lantarki fintinƙau na tsawon shekaru. An ƙera aji na musamman, FP, irin su lamba 6 da 26, da lamba 31 don babban labulen kyamarar jarida Speed Graphic, waɗanda ba sa hawa ƙololuwa su sauko. Suna kamawa ne su tsaya a ƙarfi ɗaya na tsawon milisakan da dama, har tsagar ta gama tafiyarta. Labulen yadi yakan ɗauki fiye da milisakan goma kafin ya tsallaka, ƙwan kuma yana ci duk tsawon wannan lokaci, don haka kowane yanki na fim na samun rabonsa. Da ƙwan FP mai Nikon F na iya ɗaukar hoto a 1/1000 da filasha, abin da filashar lantarki ta zamanin ba ta isa ba. Da aka zo magance matsalar, kwaikwayon ƙwan aka yi. Filashar F280 da Olympus ya fitar a 1986 tana walƙawa ne sau da yawa a jere, da saurin da ya sa hasken ya zama kamar mai ci, kuma yawancin filashohin da ke aiki a saurin sama a yau wannan hanyar suke bi. Farashin da take biya shi ne ƙarfi, domin ɗan abin da kafasita ta tara ake rarrabawa, yawancinsa kuma a bayan labule yake sauka.

Lissafin haske ma ya bi wannan layin. Su duka biyun da lambar jagora ake auna su, wato nisa sau lambar f, lambar da ke nuna yadda aka matse ƙofar hasken gilashi. Vivitar 283, wadda ta cika jakunkunan masu hoto a shekarun 1970, lambarta 36 ce a mita da fim mai saurin ɗaukar haske ISO 100. Mutum na mita huɗu da rabi, ka raba, ka samu f/8. Ya koma mita tara, sai f/4, domin nisa in ya ninka biyu haske kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Lamba ɗaya ta ishe ka, ko marufi na 1/15 ko 1/60, tunda walƙiyar ta fi kowannensu gajarta. A bayan kwalin ƙwan filasha kuwa jadawali za ka tarar, lamba daban ga kowane sauri. A 1/30 fim na shan wutar daga farko har ƙarshe. A 1/250 tsakiyarta kaɗai yake yankowa, sauran ta tafi a banza.

Wannan ɗan bambanci ya buɗe wa filashar lantarki babbar ƙofa, kuma a ganina ya fi duk sauran amfaninta daraja. Da ita kana da linzami biyu masu zaman kansu: ƙofar haske ta kula da abin da filasha ta haska, saurin marufi ya kula da hasken wurin. Kana iya duhunta sama ba ka taɓa fuskar mutum ba, ko ka bar fitilun ɗaki su fito a bayansa. Da ƙwai linzaman a ɗaure suke da juna, ka taɓa ɗaya, ɗayan ya motsa.

Amma in ana batun yawan haske, ƙwai ba shi da abokin karawa a cikin abin da za a riƙe a hannu. Ana auna jimlar hasken da lumen-sakan. Ƙwan lamba 5, wanda za ka rufe a tafin hannunka, yana ba da wajen 16,000 zuwa 20,000. Babban lamba 50 na kusantar 100,000. Ɗan AG-1 ma wajen 7,000 yake bayarwa. Filashar lantarki ta kan kyamara, mai tara jul 50 zuwa 70 na makamashi, ba ta cika wuce 3,000 ba. Dalilin a bayyane yake. Giram ɗaya na alminiyam in ya ƙone yana sakin jul wajen dubu 31, kafasitar da ke riƙe jul 60 kuwa nauyinta giram gommai ne. Ba duk zafin ƙonewar ke zama haske ba, amma ratar ta yi faɗin da ko an zubar da mafi yawa, saura ya isa. Abin da ke ɓoye ratar shi ne filashar lantarki tana tattara ɗan haskenta ta tura shi gaba a ƙunci, shi ya sa lambar jagorarta ba ta yi ƙasa sosai ba. Lamba 5 a cikin kwanonsa mai mayar da haske, a saurin ƙasa, yakan kai wajen 60 a mita, kuma yana yin haka ne yana watsa haske ta kowane gefe. Kafin filashar lantarki ta kai 60 sai irin Metz 60, mai akwatin batir a kafaɗa.

Masu hoton wancan zamani ba don alfahari suke neman wannan ƙarfi ba. Fim ne ke da nawa. Fim ɗin Kodachrome saurinsa ASA 10 ne kacal, wato ISO 10 a ma'aunin yau, har zuwa 1961. Kyamarar jarida kuma babba ce, Speed Graphic mai fim inci 4 da 5, wadda in ba a matse ƙofar haskenta ba ɗan siririn yanki ne kawai zai fito tsaf. Mai hoton jarida Arthur Fellig, wanda aka fi sani da Weegee, yakan saita kyamararsa tun kafin ya isa wurin: f/16, 1/200, nisa ƙafa goma. Da haka ba ya tsayawa daidaita komai a duhun titin New York, ya ɗaga ya harba. F/16 da fim ɗin lokacin ba za ta yiwu ba sai da wuta irin ta ƙwai. Baƙin duhun da ke bayan mutanen hotunansa daga nan ya fito, haske mai ƙarfi a kusa, ƙofa a matse, duk abin da ya wuce 'yan mitoci ya nutse.

Mai hoto ɗan Amurka O. Winston Link ya kai abin wani mataki. Tsakanin 1955 da 1960 ya bi jiragen ƙasa masu tururi na kamfanin Norfolk and Western, gab da a daina amfani da su, yana ɗaukarsu da dare domin da dare shi ke da iko da haske. Yakan shimfiɗa wayoyi masu tsawon gaske, ya jera kwanuka cike da ƙwayaye, duka su tashi lokaci guda. Hotonsa na 1956 a garin Iaeger, inda jirgi ke wucewa ta bayan filin kallon fim na masu motoci, ya ci ƙwai fiye da 40. Jirgin sau ɗaya zai wuce, ƙwayayen sau ɗaya za su ci. Kafin shi, a 1952, an haska babban zauren kogon Carlsbad a New Mexico da ƙwayayen Sylvania 2,400 don hoto ɗaya.

Sai maganar da masoya ƙwai suka fi so, cewa haskensa ya fi laushi da daɗin gani. Na yarda akwai bambanci, amma rabin abin da ake jingina wa ƙwan ba nasa ba ne. Laushin inuwa girman abin da ke fitar da haske ke kawo shi. Ƙwan yana zaune ne a cikin kwano mai faɗin inci biyar ko bakwai, filashar lantarki kuma ta 'yar taga take leƙowa. Kwanon na gefe, a saman sanda, nesa da gilashin kyamara, shi ya sa fuska ke samun inuwar da ke fito da siffarta, jan ido kuma bai cika faruwa ba. Hasken da ya zube ta gefe yana dukan bango da rufi ya dawo ya cike inuwa. A ƙara da babban nagatif mai santsi. Duk waɗannan ana iya samunsu da filashar lantarki in aka cire ta daga kan kyamara, aka sa bututunta tsirara a cikin kwano mai faɗi. Abin da ke na ƙwan shi kaɗai, tsawon lokacinsa ne. Walƙiyar 1/10,000 tana daskarar da komai, kowane ɗigon ruwa, kowane silin gashi, har mutum ya fito kamar ba ya numfashi. Wutar da ta ci na 1/50 tana barin ɗan motsi, hayaƙi ya yi laushi, ruwa ya nuna yana gudu, hannun da ke motsi ya ɗan ja. Wani hoton wannan yake so, wani kuma wancan. Mai ɗaukar tsuntsu a sama ko ɗan wasa a guje daskararwar yake nema, kuma ƙwai ba zai ba shi ita ba sai ya ɗaga saurin marufi ya yi asarar haske.

Launi kuwa ya goyi bayan lantarki tun farko. Farin ƙwai mai alminiyam haskensa a ma'aunin launin haske wajen kelbin 3,800 ne, ja-ja, fim mai launi na hasken rana kuma 5,500 yake so. Ga fim baƙi da fari ba matsala. Ga mai launi sai aka riƙa shafa wa ƙwan shuɗin fenti, a ƙara masa harafin B, kamar 5B da 25B, fentin kuma yakan cinye kusan rabin hasken. A shekarun 1950 har Kodak ya yi fim na musamman, nau'in F, don farin ƙwai. Zenon kuwa da kanta take ba da haske mai kama da na rana, 5,500 zuwa 6,000. Da mutane suka koma hoto mai launi, rabin fifikon ƙwan ya tafi a fenti.

Wanda bai taɓa harba ƙwai ba ya kamata ya san yadda aikin yake a hannu. Za ka zaro shi daga kwalinsa, ka duba ɗigon da ke kansa in na Sylvania ne: shuɗi ne, lafiya, in ya koma ruwan hoda iska ta shiga, a yar da shi, don yana iya fashewa. Tsofaffin masu hoto sukan lashi gindinsa ko su goge shi don wuta ta ratsa sosai. Ka tura shi cikin soket. Ka danna, ka ji 'yar ƙara a shaƙe, zafi ya bugi fuskar wanda ke kusa, warin fentin da ya narke ya tashi. Gilashin ya yi bororo, cikinsa farar toka. Kada ka taɓa shi, zai ƙona ka. Akwai maɓallin da ke tunkuɗo shi ya faɗi. Sannan ka lalubo wani. In hasken ya yi yawa ba abin murɗawa, sai dai ka ja da baya, ka matse ƙofa, ko ka yafa farin hankici a kan kwanon. Wutar da ta kama ba a kashe ta a tsakiya.

Wannan na ƙarshe shi ya yanke hukunci. Walƙiya ana iya datse ta. A 1965 Honeywell ya fitar da filasha mai ɗan ido da ke auna hasken da ya dawo daga abin da ake ɗauka, ya katse ta in ya isa. Na farkon suna zubar da ragowar wutar ne a banza. A farkon shekarun 1970 aka samu masu tayirista, waɗanda ke ajiye ragowar a kafasita, sai batir ya daɗe, jira ya ragu. A 1975 Olympus OM-2 ta fara auna hasken filasha daga kan fim ɗin kansa yayin ɗauka. A tsakiyar shekarun nan ne kuma Konica ya dasa filasha a jikin ƙaramar kyamararsa C35 EF. Idon nan mai auna haske yana ruɗuwa, farin bango ya sa ya datse da wuri, fili mai duhu ya sa ya ƙona fuska, amma ga yawancin mutane ya fi raba lamba da nisa a ka. A ɗaya gefen fim na ƙara sauri: a 1976 Fuji ya fitar da fim mai launi ISO 400, buƙatar wuta mai yawa ta ragu. Masu ƙwai sun yi ta ƙoƙari. Flashcube na 1965 ya haɗa ƙwai huɗu a ɗan akwati mai juyawa a kan kyamarar Instamatic ta Kodak, Magicube na 1970 ma ba ya buƙatar batir, ɗan ƙarfe ne ke dukan sinadarin ya kama, FlipFlash ya zo a 1975. Amma kowane hoto da kuɗinsa da shararsa, kuma mai hoton jarida da ke da injin ja masa fim ba zai tsaya sauya ƙwai ba. Nasarar lantarki halal ce.

Wanda zai taɓa tsofaffin kayan nan a yau, kowanne da haɗarinsa. Kafasitar filasha tana riƙe wuta bayan an cire batir, kuma bolt 300 ba wasa ba ne, kada a buɗe ta da ka. Wasu tsofaffin filashohi, har da Vivitar 283 na farko-farko, suna ajiye fiye da bolt 200 a ƙafar da ake ɗora su a kan kyamara da ita. Tsohuwar kyamara mai maɓallin ƙarfe ba ruwanta, amma mai kayan lantarki a ciki tana iya ƙonewa, don haka a auna da mita kafin a ɗora. Ƙwai ma bai dace a jona shi kai tsaye da irin wannan kyamarar ba. A sa masa garkuwar roba in za a haska mutum a kusa, a bar sauran a kwalinsu, domin in suna haɗe da juna ɗaya ya tashi yana iya tayar da na kusa da shi, kuma a aljihu wannan ƙuna ce ta gaske.

Ga hoton biki, da na fuska, da cike inuwa da rana, ban ga dalilin da zai sa mai fim ya bar filashar lantarki ba. Ƙananan ƙwayaye irin M3 da AG-1 da Press 25 an daina ƙera su, ragowar tsofaffin kwalaye ne ke yawo, ko da yake muddin iska ba ta shige su ba galibinsu suna kamawa bayan shekara hamsin. Inda suka cancanci a ƙona su shi ne inda wuri ya yi girma, hanya ta yi wuya. Masu hoton kogo sun daɗe da riƙe su saboda haka: mai rarrafe cikin laka da ruwa zai iya ɗaukar hasken da zai cika babban zaure a 'yar jaka, ba kayan lantarkin da danshi zai kashe, ga shi hasken na tafiya ta kowane gefe. A kafa kyamara, a buɗe marufi a duhu, abokan tafiya su harba ƙwayayensu ɗaya bayan ɗaya daga inda aka tsayar da su, sannan a rufe. Manyan ƙwayaye kuwa kamfanin Meggaflash a Ireland ya ci gaba da ƙera su bayan manyan kamfanoni sun daina, kuma daga cikin masu sayensu akwai injiniyoyin da ke ɗaukar gwaje-gwaje da kyamara mai ɗaukar dubban hotuna a sakan. Su walƙiyar 1/1000 ba ta yi musu komai, haske mai tsananin ƙarfi suke so wanda zai tsaya har gwajin ya ƙare, shi ya sa daga cikin ƙwayayen kamfanin akwai wanda aka ƙera don ya ci fiye da sakan guda.